Yadda Ake Komawa Inda Aka Tsaya a Rubutun Word Bayan an Sake Buɗe Shi

Shagona na buga takardu yana Unguwar Rogo, ba nisa da harabar Jami'ar Jos ta titin Bauchi, kuma rabin aikin da ke shigo mana kundin ɗalibai ne. Na masu digirin farko shafi 70 ko 90, na masu digiri na biyu sai ya haura 150. Duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, da ɗabi'a ɗaya nake fara yaƙi a hannunsa: zai buɗe kundin da ya bari jiya, Word ya ajiye shi a shafin farko, sai ya ɗora yatsa a kan 'yar tayar linzami ya yi ta murzawa, yana zare ido yana neman inda ya tsaya. Ya wuce wurin, ya dawo, ya sake wucewa. Mai kundin kuma na zaune a benci yana kallon agogo, injin wuta yana shan mai a banza.

Maganin wannan bai wuce danna maɓalli biyu ba. Sai dai akwai inda maɓallan ke ƙin aiki, kuma wanda bai san dalili ba zai ce ƙarya na yi. Shi ya sa zan bi abin daki-daki.

Abu ɗaya kawai nake so ka riƙe kafin mu fara. Inda ka yi gyara na ƙarshe daban, inda idonka ya tsaya na ƙarshe daban. Kana iya gyara kalma a shafi na 40, sannan ka gangara shafi na 95 kana karatu ba ka taɓa komai ba, ka rufe. Word yana da hanyar tuna na farko, yana da wata hanyar ta tuna na biyu, kuma ba wuri ɗaya yake ajiye su ba.

Abin da za ka tanada

- Kwamfuta mai Microsoft Word, ko LibreOffice Writer ga wanda ba shi da Word.
- Sanin wane Word ke gabanka. Idan akwai wani babban maɓalli zagayayye a kusurwar sama ta hagu, na 2007 ne. Idan File ka gani a wurin, danna shi: na 2010 yana nuna sunansa a ƙarƙashin Help, na 2013 zuwa sama kuma a ƙarƙashin Account.
- Kibod mai jerin F1 zuwa F12 a sama. Idan laftof ce, nemo maɓallin Fn a ƙasa ta hagu, kusa da Ctrl.
- Dogon fayil na gwaji, wanda ya kai shafi 20 ko fiye. Ka yi kwafinsa ka yi wasa da kwafin. Kada ka koyi aski a kan kundin mutane.

Mataki na 1: Adana kafin ka rufe

Wannan shi ne tushen komai. Word yana rubuta wurin gyaranka na ƙarshe ne a cikin fayil ɗin kansa, a matsayin wata ɓoyayyiyar alama, kuma ba ya rubuta ta sai lokacin da ka adana. Don haka ka gama gyara, ka danna Ctrl da S, sannan ka rufe. Idan ka rufe ya tambaye ka ko a adana ka ce a'a, gyaran ya tafi, wurin ma ya tafi tare da shi.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗan taɓe-taɓen ƙarshe. Mutum ya gama aiki a babi na huɗu, sai ya haura shafin farko ya duba sunan malamin da ke duba kundin, ya ga tazara ta yi yawa ya goge guda, ya adana. To a wurin Word, gyaran ƙarshe yana shafin farko ke nan. Gobe in ya nemi komawa, nan za a kai shi, ya ce abin ba ya aiki. Yana aiki, abin da aka gaya masa ya riƙe. Idan dole ta sa ka taɓa wani wuri a ƙarshe, koma inda kake aikin gaske, ka buga tazara ɗaya ka goge ta, sannan ka adana.

Mataki na 2: Da buɗewa, danna Shift da F5 kafin komai

Buɗe fayil ɗin. Kada ka rubuta ko harafi ɗaya. Riƙe Shift da yatsan hagu, ka danna F5 sau ɗaya, ka saki. Ɗan tsinken nan mai ƙyaftawa da ke nuna inda rubutu zai sauka zai yi tsalle ya dira inda ka yi gyaran ƙarshe.

Dalilin da ya sa na ce kafin komai: duk abin da ka buga bayan buɗewa, ko da tazara ce da gwiwar hannunka ta danna bisa kuskure, ya zama sabon gyara, kuma shi Word zai fara lissafawa.

Ga tarkunan da ke wannan mataki, kuma a nan yawancin mutane ke sarewa.

Na farko, laftof. A yawancinsu an ɗora wa maɓallan F wasu ayyuka: rage haske, ƙara sauti, kashe makirufo. Wani yarona, ranar da na koya masa, ya danna Shift da F5 a laftof ɗin wata ɗaliba, sai fuskar kwamfutar ta dushe. Ya sake dannawa ta ƙara dushewa. Ya juyo a tsorace ya ce, "Oga, wallahi ban taɓa komai ba, abin da ka ce na yi." Ita kuwa mai laftof har ta miƙe tsaye. Ba abin da ya lalace, haske ya rage. A irin wannan laftof sai ka haɗa uku: Fn da Shift da F5. A wasu laftof ɗin, danna Fn da Esc tare yana mayar da maɓallan F kan aikinsu na asali, ka huta da haɗa uku. Idan kuma F5 ɗin ya mutu gaba ɗaya, kamar yadda muke gani a tsofaffin kwamfutocin da ake kawo mana, Ctrl da Alt da Z tare aiki ɗaya suke yi da Shift da F5.

Na biyu, mantawa da Shift. F5 shi kaɗai yana fito da wani ƙaramin akwati na zuwa shafi kaza. Rufe shi da Esc, ka sake gwadawa.

Na uku, fayil ɗin da aka turo ta WhatsApp ko imel. Word yakan buɗe irinsa a kulle, da wani zare mai ruwan ɗorawa a sama da ke cewa Protected View. Idan ka san wanda ya turo kuma ka yarda da shi, danna Enable Editing tukuna, sannan ka yi Shift da F5.

Na huɗu, Word na 2007. A wannan, dabarar tana aiki muddin fayil na buɗe, amma da ka rufe ka sake buɗewa ba ta kai ka ko'ina. A na 2003 tana aiki, a na 2010 aka dawo da ita. Idan na 2007 ke kan kwamfutarka, kada ka ɓata lokaci, wuce Mataki na 4 ko na 5.

Wani amfanin da mutane ba su sani ba: ko kana tsakiyar aiki, Shift da F5 yana zagaya da kai wurare uku na ƙarshe da ka yi gyara, a dannawa ta huɗu ya dawo da kai inda ka taso. Ni nan na fi morarsa. Ina rubutu a babi na uku, na sauka jerin manazarta a ƙarshen kundi na gyara shekarar wani littafi, dannawa ɗaya ko biyu na dawo kan layina.

Mataki na 3: 'Yar tutar da ke fitowa a gefen dama

Daga Word na 2013 zuwa yau, idan ka sake buɗe dogon fayil, wani ɗan saƙo yakan leƙo a gefen dama yana cewa Welcome back, da Pick up where you left off a ƙasansa. Bayan 'yan daƙiƙu sai ya tsuke ya koma 'yar tuta ƙarama. Danna saƙon ko tutar, za a kai ka inda ka tsaya. Idan ka fara murza shafi ko rubutu, tutar takan ɓace, don haka ita ma a farko ake kama ta.

Wannan ta fi dacewa da mai karatu: malamin da ke duba kundi, ko wanda ke bin rubutu yana neman kurakurai bai canza komai ba.

Rauninta shi ne ba a cikin fayil take zaune ba. Idan fayil ɗin yana kan kwamfutarka, kwamfutar ce ke riƙe da wurin. Ka ɗora shi a filas ka kawo shagona, tutar ba za ta biyo ka ba. Sai dai in fayil ɗin a OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, yake kuma ka shiga da asusunka na Microsoft, to a nan tana bin ka daga na'ura zuwa na'ura. Ɗalibanmu kuwa da filas da WhatsApp suke yawo da kundinsu, shi ya sa ban cika dogara da ita ba.

Mataki na 4: Kafa alamarka da hannunka

Gaskiya Shift da F5 yakan ba ni kunya lokaci-lokaci, musamman a fayil ɗin da ya ratsa hannu da yawa, daga waya zuwa laftof zuwa wata manhajar daban. Aikin da ba na son wasa da shi, alama nake kafa masa, wadda Word ke kira Bookmark.

1. Ajiye tsinken rubutu daidai inda kake so ka dawo.
2. Danna Ctrl da Shift da F5 tare. Ko ka bi ta Insert ka zaɓi Bookmark.
3. Rubuta suna. Ni "nan" nake sa wa tawa, kullum, a kowane fayil.
4. Danna Add, sannan Ctrl da S.

Gobe in ka buɗe, danna Ctrl da Shift da F5, zaɓi "nan", danna Go To, sannan ka rufe akwatin. Idan ka gama aikin ranar, ka maimaita matakan da sunan nan dai. Word ba zai yi alama biyu ba, zai tumɓuke tsohuwar ya dasa ta a sabon wuri.

Dokokin suna: dole ya fara da harafi, ba lamba ba. Ba ya karɓar tazara, don haka "babi uku" ba zai shiga ba, sai "babi_uku". Ba ya karɓar 'yar waƙafin sama da muke sa wa 'ya'ya ko ma'ana. Idan ka ga maɓallin Add ya yi fari ya ƙi dannuwa, sunan ne bai yi masa ba.

Alamar ba ta fitowa a takarda idan an buga, kuma ba a ganinta a fuska sai ka nema. Mai son ganinta ya shiga File, Options, Advanced, ya gangara ya sa maki a Show bookmarks. Za ta fito kamar wata 'yar sanda mai ruwan toka. Amfanin ganinta shi ne kada ka share ta ba ka sani ba, don idan ka goge sakin layin da take ciki, ta tafi tare da shi.

Idan mutum biyu ke aiki a fayil ɗaya, kowa ya yi tasa. A shagona akwai "nan_safe" da "nan_yamma", saboda mai zuwa da hantsi daban, mai karɓarsa bayan Azahar daban.

Mataki na 5: Dabarar qqq, ga wanda ba ya son dogon zance

Wannan ba ta buƙatar sanin komai, kuma tana aiki a Word kowane iri, da LibreOffice, da Google Docs, da WPS na waya. Inda ka tsaya, rubuta qqq, ka adana. Gobe danna Ctrl da F, rubuta qqq, za a kai ka. A waya kuma ka taɓa alamar bincike mai kama da madubin ƙara girma. Na zaɓi q ne don rubutun Hausa ba ya amfani da shi, kuma ko a Turanci ba ka samun uku a jere. Da ka isa, goge shi nan take, kafin ka ci gaba da rubutu.

Na ce nan take ne saboda na sha kunya a kanta. Wata shekara, lokacin hunturu, irin sanyin Jos ɗin nan da yatsu ke ƙin lanƙwasuwa a kan kibod, wani dattijo ma'aikaci da ke karatun digiri na biyu ya kawo gyaran ƙarshe na kundinsa. Muka yi kwana uku a kai. Muka buga kwafi huɗu, aka kai aka ɗinke da bango mai tauri, aka rubuta suna da ruwan zinare. Bayan kwana biyu ya dawo da ɗaya a hammata, ya buɗe wani shafi a babi na huɗu ya ɗora yatsa, ya ce, "Ɗana, wannan kuma wace kalma ce? An tambaye ni na rasa amsa." Ga qqq zaune daram a tsakiyar jimla. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, laifina ne." Ni na biya kuɗin sake ɗinkin duka huɗun. Tun daga ranar, babu fayil ɗin da ke zuwa firinta a shagona sai an yi Ctrl da F an nemi qqq an ga babu.

Mataki na 6: Sa Word ya kai ka da kansa

Wannan na wanda hannunsa ya faɗa ne, kuma a kan kwamfutarsa ta kansa. Kada ka yi shi a ta ofis ko ta wani ba da izini ba. Ɗan umarni ne za ka rubuta sau ɗaya, daga nan duk fayil ɗin da ka buɗe zai wuce kai tsaye inda ka tsaya.

1. Buɗe Word, danna Alt da F11. Wata taga daban za ta buɗe.
2. A jerin da ke hagu, danna Normal sau ɗaya.
3. A sama zaɓi Insert, sannan Module.
4. A farin filin da ya fito, rubuta wannan harafi da harafi:

Sub AutoOpen()
On Error Resume Next
If ActiveDocument.Bookmarks.Exists("nan") Then
Selection.GoTo What:=wdGoToBookmark, Name:="nan"
Else
Application.GoBack
End If
End Sub

5. Danna Ctrl da S, ka rufe tagar, ka rufe Word, ka sake buɗewa ka gwada da fayil ɗin gwajinka.

Abin da umarnin ke cewa shi ne: in akwai alama mai suna "nan" je can, in babu yi abin da Shift da F5 ke yi. Saboda haka yana amfanar mai Word na 2007 ma, muddin yana kafa alamarsa kafin ya rufe. Ka lura da alamomin zancen da ke kewaye da kalmar "nan" a umarnin, miƙaƙƙu ake so. Idan ka kwafo daga waya sukan zo a lanƙwashe, layin ya koma ja ya ƙi aiki. Goge su ka sake bugawa da kibod. Ranar da kuma kake so fayil ya buɗe a shafin farko kamar da, riƙe Shift yayin da yake buɗewa, umarnin ba zai tashi ba.

Kada wannan ya sa ka saba da danna Enable Content, maɓallin da ke barin umarnin da ke cikin fayil ya tashi, a duk fayil ɗin da aka turo maka. Naka umarnin kai ka rubuta shi, ka san abin da ke ciki. Na baƙon fayil ba ka sani ba, kuma ta wannan ƙofar ake shigo wa kwamfuta da cuta.

Mataki na 7: Idan LibreOffice Writer kake amfani da shi

Shi wannan kyauta ne, kuma a wannan fanni ya fi Word sauƙin kai: da kansa yake buɗewa inda tsinken rubutu yake lokacin da aka adana. Sharaɗinsa ɗaya, sai ya gane cewa kai ne mai rubutun. Shiga Tools, Options, ƙarƙashin LibreOffice zaɓi User Data, ka cike sunanka da na mahaifinka, ka danna OK. Yawancin masu kukan cewa nasu kullum a shafin farko yake buɗewa, wannan gurbin ne suka bari fayau.

Idan fayil ɗin wani ne ya fara shi, sunansa ke kai ba naka ba. Nan ma Shift da F5 zai kai ka wurin da aka adana na ƙarshe. In kuma fayil ɗin ya zama naka har abada, shiga File, Properties, a shafin General ka sa maki a Apply user data, ka danna maɓallin Reset da ke kusa da shi, ka adana. Ka riƙa adanawa a tsarinsa na asali mai ƙarewa da odt yayin aiki, sai ranar miƙawa ka fitar da kwafin docx, wato tsarin Word.

Idan an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki

Mai kwamfutar tebur da ba ta da batirin ajiya ya san wannan. Fuska ta yi baƙi, ba ka adana ba, babu alama, babu qqq. Da wuta ta dawo ko an tada inji, buɗe Word kansa tukuna. Yakan fito da jeri a hagu mai suna Document Recovery. Duba lokacin da ke jikin kowane kwafi, buɗe mafi kusa, adana shi da sabon suna kafin ka taɓa komai, sannan ka kwatanta da tsohon. Word yana yin wannan ajiyar gaggawa duk minti 10 ne in ba ka canza ba. Shiga File, Options, Save, ka mayar da 10 ɗin 2 ko 3.

A irin wannan hali ba na sa rai da Shift da F5. Abin da ke ceto na shi ne kanun babi. Idan tun farko ka sa wa kowane babi da ƙaramin kai salon Heading, wato ka ajiye tsinke a kan layin ka danna Ctrl da Alt da 1 ga babban kai, ko da 2 ga ƙarami, to shiga View ka sa maki a Navigation Pane. Duk kanun kundin za su jeru a hagu, ka danna "4.3" ka dira a kai, ka gangara sakin layi biyu ko uku ka ga inda rubutu ya yanke. Wanda kuma aikinsa ci gaba ne daga ƙarshen rubutu, kamar mai kwafe littafi daga rubutun hannu, Ctrl da End ya ishe shi, sai dai in jerin manazarta ya riga ya zauna a ƙasa, a nan sai ya danna kan manazartan a jerin hagu ya haura layi ɗaya.